Ranar da Saniyar Aro ta Amsa Kira

Shekarun baya, wani yammaci bayan an gama girbi, ina tsaye a ƙarshen gonar mahaifiyata a wajen Hunkuyi, waya a hannuna tana ta ɗaukar bidiyo, ban ma tuna na kashe ta ba. A gabana farar saniya ce a ƙasa tana ƙoƙarin miƙewa, ƙafarta ta baya tana reto kamar ba a jikinta take ba. Can gefe ga dunƙulen ƙarfe da igiyarsa a yashe. Abokina, wanda shi ya jefa ƙarfen, ya durƙusa ya rungume wuyanta yana yi mata magana da Fulatanci a kunne.

Na ce masa, "Ƙila targaɗe ne kawai."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kaɗo, je ka kira Baffa."

Bari in ɗan koma baya don ku gane yadda ƙarfe da saniya suka haɗu.

Ni dai a lokacin ba ni da wata tsayayyar sana'a. Na bar makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, ba korata aka yi ba, zaman ne kawai ba na iyawa. Na yi acaɓa a Ikara, na yi dakon rake a Maƙarfi, na fara koyon faci na gudu, na sayar da fetur a kwalba. Mahaifiyata takan ce ko kaza ta fi ni haƙuri, ita tana iya kwanci a kan ƙwai har ta ƙyanƙyashe. A waccan shekarar ina zaune a wani shagon caji a Hunkuyi, ina tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori.

Shi kuwa abokina ɗan Fulani ne. Tun mahaifina na da rai, duk kaka idan mun kwashe dawa, babansa yakan kawo shanunsu su sauka a gonarmu. Su ci kara, su bar mana taki. Mahaifiyarsa ta aiko da nono, tawa ta aika da tsaba. Ba a taɓa zama an yi magana a kai ba, haka muka tashi muka gani. Ni da shi duk shekara sai mun haɗu, ya ce min Kaɗo, in ce masa mai tsoron gari. Babansa kuwa duk Baffa muke ce masa.

Wata rana babu ciniki a shago, ina ta latse-latsen waya, sai na faɗo kan wani tsohon bidiyo marar kala. An rubuta a ƙasa wai ya haura shekara ɗari, gasa ce ta ƙasa da ƙasa. Wasu ƙarti ne masu gashin baki da wando iya gwiwa, kowa ya zo ya kama wani dunƙulen ƙarfe mai igiya, ya wulwula shi a saman kansa, ya juya da shi kamar katantanwa, ya saki. Wai jifan guduma sunan wasan, ko da yake ni ban ga guduma a wurin ba. Ga mutane da huluna sun tsaya kewaye suna kallo kamar an zo cinikin rago. Babu sauti ko kaɗan, kuma kowa tafiyarsa da sauri-sauri kamar tururuwa.

Kun san halina, abu in ya shiga kaina sai na ga ƙarshensa, ko in ce sai na ga tsakiyarsa. Na samo wani tsohon dutsen sikeli mai kunne a wurin wani dillalin hatsi da ya daina amfani da shi. Na ɗaura masa wayar birkin babur, mai walda ya lanƙwasa min guntun rodi ya zama mariƙi. Na saɓa shi sai gona.

Gwajin farko, juyi ɗaya na yi jiri ya kwashe ni. Ƙarfen ya yi gabas, ni na yi yamma, na tashi da ƙasa a baki. Abokina yana jingine da sandarsa, dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Kaɗo, kai ne ka jefa shi ko shi ya jefa ka?"

Na ce, "To zo ka gwada mu gani, da wannan jikin naka kamar karan dawa."

Ya karɓi wayata ya kalli bidiyon, ya ce in mayar baya, ya sake kallo. Ƙafafunsu yake kallo, ba hannunsu ba. Sannan ya tuɓe takalminsa na roba, ya ajiye malafa, ya kama mariƙin. Wallahi har yau ina ganin jifan nan. Mutumin da ya tashi da sanda da majajjawa, ashe jikinsa ya riga ya san abin. Bai yi kokawa da ƙarfen kamar ni ba, binsa ya yi, ya jingina baya, ya bar nauyin ya ja shi, sai kawai ya buɗe hannu. Ƙarfen ya tashi da igiyarsa a baya kamar wutsiya, ya je ya faɗi inda ban taɓa zato ba.

Daga ranar na ajiye jifa, na naɗa kaina koci. Duk la'asar, idan shanu suna can fadama tare da Baffa, sai mu haɗu a gona. Ya jefa, ni in ruga in kafa kara a inda ya faɗi, in jawo ƙarfen in dawo da shi. Karan nan kullum ƙara gaba yake. Ni kuwa baki ba ya hutawa: za mu je Kaduna, za a gan shi, za a sa shi a jirgi, ni zan riƙe masa jaka.

Yakan ce, "Wa zai ba ni saniya don na jefa dutse?"

Amma yana son abin. A cikin mutanen bidiyon akwai wani gajere mai faɗin ƙirji, shi ya ɗauka abokin karawarsa. In ya jefa sai ya tambaye ni, "Yau na wuce mai gashin baki?" In ce, "Saura ƙiris." Alhali ban san nisan da mutumin ya jefa ba, ban san nauyin ƙarfensa ba, ban san komai ba.

Wata rana muna hutawa ya ce, "Waɗannan duk sun mutu ko?"

Na ce, "Tun tuni. Har 'ya'yansu ma."

Ya ƙura wa wayar ido. Ya ce, "Ka ga, sun jefa sun tafi, ga mu nan muna kallonsu a gonar Inna."

To yanzu maganar saniyar. A shekarar, kawunsa, wato yayan mahaifiyarsa da ke zaune wajen Ɗandamisa, ya ba shi aron saniya. Su haɓɓanaye suke ce wa wannan aron. Mutum ya ga yaro ya isa fara nasa garken amma ba shi da ko ɗaya, sai ya zaɓi saniya mai kyau ya ba shi. Za ta zauna a hannunsa ta haihu, 'ya'yan nasa ne, ita kuma uwar a mayar da ita gida da mutunci. Ba a sayar da ita, ba a dukanta, kuma ana ji da ita fiye da ta gado. Shanun Baffa ciwo ya rage su sosai a shekarun, babu abin da zai iya ware wa ɗansa. Wannan saniyar ita ce duk abin da abokina yake da shi a duniya, kuma ba tasa ba ce. Ga ta da tsohon ciki.

Yadda yake yi da ita har tsokanarsa nake. Ya cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa mata kanwa, ya ɓoye mata harawa a bayan bukka. Kuma yana da wani kira da yake yi mata ita kaɗai, dogo, ya hau sama ya karye a ƙarshe. Ko tana tsakiyar garke ta ji shi sai ta ɗago kai ta taho. Nakan ce masa, "Kai dai an gama maka aure, saura walima."

Abu ɗaya ne ya dame ni da jifansa: shiru yake yi. Ya dantse leɓe, ya juya, ya saki, ko tari babu. Ni kuma na tsayar da bidiyon daidai lokacin da mai gashin baki ya saki ƙarfe, na ga bakinsa a buɗe. Shi ke nan na gano sirri.

Na ce, "Ka gani? Ihu suke yi. A nan ƙarfin yake. Don dai bidiyon ba shi da sauti ne."

Ya ce, "Mutum da hankalinsa ya tsaya a fili yana ihu kamar wanda kunama ta harba?"

Na ce, "Wannan fulakon naka shi zai hana ka hawa jirgi."

Ya ce, "In jirgin sai da ihu ake hawa, ka tafi kai kaɗai, ai ka cancanta."

Ban bar shi ba. Kullum sai na kawo maganar, ina tsokana, ina roƙo, ina ce masa mai gashin baki yana can kabari yana masa dariya. Har ranar da nake ba ku labari. Ya kama mariƙin ya ce, "To, don ka huta." Ya wulwula, ya juya, ya saki, sai ya buɗe baki.

Ni dai na ji wani dogon sauti ya fita, amma idona yana kan ƙarfen. Ya wuce duk karan da muka kakkafa, ya je ya faɗi gab da ƙarshen gonar, inda muka bar wani yanki na kara a tsaye ba mu sare ba. Bayan karan nan hanyar fadama ce. Na ruga ina tsalle, na jawo ƙarfen na dawo ina haki. Shi kuwa dariya yake, irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba, har haƙoransa na ciki.

Na ce, "Sake. Ban ɗauka ba, sake in ɗauka."

Ya ce, "Bari in ɗan sha iska."

Na ce, "A'a, tun jikin da zafi."

Na ja baya na saita waya. Ya kama, ya wulwula, ya juya, ya saki. Ƙarfen yana sama sai na ga karan can ƙarshe ya dare. Saniyarsa ta fito da ɗan gudunta na mai ciki, kai a sama, kunnuwa a miƙe, tana neman inda yake.

Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen itace a gwiwa.

Sai a lokacin na gane sautin da ya fita daga bakinsa a jifan farko. Kiranta ne. Tun daga fadama ta ji, ta bar garke ta taho.

Baffa ya zo ba da gudu ba. Ya durƙusa ya shafa ƙafar tun daga kofato har cinya, saniyar ta yi wani nishi. Ya ce da Hausa, don in ji, "Sama da gwiwa ne. Wannan ba ta ɗoruwa." Sannan ya tambayi ɗansa, "Me ya fito da ita daga fadama?"

Ya ce, "Ni na kira ta."

Baffa ya kalli ƙarfen, ya kalli karan da muka jera a gona, ya kalle ni. Na so ya zage ni. Sai ya juya ga ɗansa. Ya ce, "Ba tamu ba ce da za mu sa mata wuƙa. Sai mai ita ya ji. Kuma da bakinka zai ji."

Da na gaya wa mahaifiyata, tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar. Ta ce, "A gonata?" Na ce eh. Ta ce, "Shekara da shekaru shanun mutanen nan ko ƙaya ba ta taɓa sukar su a gonar nan ba." Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe. Daga baya ta ce, "Gobe kai za ka kai shi. Ka gaya wa mai saniyar na ce duk abin da ke cikin rumbuna nasa ne. Bakin nan naka da ba ya rufuwa, gobe ka buɗe shi inda yake da amfani."

Da safe na ari babur na ɗauke shi. Muka kama hanyar Ɗandamisa.

Mun tarar da kawun nasa zaune a kan buzu yana tufka igiya, tsoho siriri mai farin gemu. Muka durƙusa. Aka shiga gaisuwa: ya hanya, ya gida, ya Baffa, ya mahaifiya, ya shanu, ya ruwan fadama, ya gajiyar girbi. Duk tambayar da aka yi abokina sai ya ce lafiya, har da ta shanun, don haka ake cewa. Aka kawo mana nono a ƙwarya, na sha, shi ya taɓa baki ya ajiye. Tsohon ya lura. Ya ajiye igiyar.

Abokina ya yi bayani da Fulatanci, kansa a ƙasa. Da ya gama, tsohon ya juya zuwa Hausa saboda ni.

Ya ce, "Ka ce kiranka ta ji ta taho?"

"Eh, Kawu."

"Tun daga fadama?"

"Eh."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "A hannuna aka haife ta, ba ta taɓa yi min haka ba. Ashe na ba da ita inda ya dace."

Da ya ɗaga sanda ya kwaɗa masa, da ya fi masa sauƙi. Na ga abokina ya jawo malafa ya rufe fuskarsa.

Na yi gyaran murya na isar da saƙon mahaifiyata. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ka gaida mahaifiyarka. Ka ce mata hatsinta ya zauna a rumbunsa. Wannan ba kasuwa ba ce, yaro. Ba a biyan haɓɓanaye." Sannan ya ce, "Wane irin wasa ne wannan da ya karya min saniya? Nuna min."

Na fito da waya na kunna masa. Ya riƙe ta nesa da ido, ya kalli ƙartin nan suna juyi. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Su waɗannan ba su da dabbobi a garinsu?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

Ya ce, "Da alama ba su da su. Dubi yadda suke jifa ba sa duba gaba."

Ya miƙo min wayar. Ya ce wa abokina cikin saniyar ya kusa, idan za ta iya kaiwa a kai ta. Idan kuma wahalar ta yi yawa, kada a bari ta mutu mushe.

Nan muka shiga jinya. Muka yi mata rumfa da kara a inda ta faɗi, don ba ta matsuwa. Saniya in ta daɗe kwance a gefe ɗaya jikinta ruɓewa yake, don haka safe da yamma sai mun zura mata buhuna a ƙarƙashi, mu kama mu juya ta, tana nishi muna nishi. Ni nake jido ruwa daga fadama a jarka, in bi gidaje neman dusa. Na bar shagon caji, mai shagon ya ɗauki wani. Abin dariya, duk sana'o'in da na yi a rayuwata babu wadda na zauna a kanta kamar jinyar saniyar nan. Mahaifiyata ma da ta ga ina fita da sassafe kullum sai da ta ce, "Ashe kazar tana iya kwanci."

Wata rana muna kore mata ƙuda daga gyambon da ya fara fito mata a kwiɓi, na ce masa, "Ni na sa ka. Da ban dame ka da maganar ihun nan ba."

Ya ci gaba da kaɗa ganyen da ke hannunsa. Ya ce, "Kai ka ce in yi ihu. Ba kai ka zaɓa min wanda zan yi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ban san ba ni da wani ihun sai shi ba."

Ta kai. Wata safiya na iso da jarka na tarar ta haihu a kwance, 'yar maraƙa fara mai baƙin kunne kamar uwar. Ba ta iya juyowa ta lashe ta, sai abokina ya ɗauko ta ya kawo mata gaban baki. Ya riƙa tallabe maraƙar yana kai ta ga hantsar uwar har ta sha dakashi ta ƙoshi. Muka ci gaba da haka na ɗan lokaci. Amma uwar ta daina cin dusa, ta daina ɗago kai ko an kira ta. Baffa ya duba idonta ya ce lokaci ya yi.

Abokina bai tsaya ba. Ya ɗauki maraƙar a kafaɗa ya yi fadama da ita. Ni na riƙe igiya. An raba naman, an aika wa kawun, an kawo wa mahaifiyata. A gidanmu dai ba a dafa shi ba, maƙwabta ta ba.

Ni a tunanina an tsira da wani abu. Uwa ta tafi, amma ga 'ya, kuma a al'adarsu tasa ce halak malak. Ya haɗa ta da wata saniyar Baffa mai shayarwa, ta yi ƙwari, ta fara tsalle-tsalle. Har na fara ce masa ga farkon garke.

Da ta isa yin tafiya, sai ya sa mata igiya ya ja ta a ƙafa har Ɗandamisa. Bai gaya min ba, a bakin Baffa na ji. Kawun ya ce masa wannan taka ce, mayar da ita. Ya ce an ba shi amanar uwa bai dawo da ita ba, ba zai riƙe 'ya ba. Tsohon ya yi faɗa, ya yi rarrashi. Shi dai ya ɗaure ta a turke ya yi sallama. Kafin damina ta sauka ya bi wasu can kudu, kiwon shanun mutane. Ko ban kwana ba mu yi ba.

Baffa bai daina sauka a gonarmu ba. Kaka na zagayowa sai ga shi da shanunsa, nono ya zo, tsaba ta tafi, kamar babu abin da ya faru. Ban taɓa jin ya ɗaga maganar ba. Ɗan nasa ne dai ba ya cikin masu kora.

Mutane suna cewa tsautsayi ne, kuma na yarda, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Abin da yake min ciwo daban ne. Ni ina da abubuwa da yawa da nake ɗauka in ajiye, in ɗaya ya fashe in kama wani. Shi abu ɗaya yake da shi, sai na zo da wasana na kafa a kusa da shi. Kuma wasan ya karɓe shi. Na ga sabbin bidiyoyin gasar daga baya, yanzu har raga suke kewaye mai jifa da ita, ga fili an share babu ko akuya. Na kalli manyan 'yan wasan, ban ce ya fi su ba, ban san wannan ba. Na dai san ban ga wanda yake sakin ƙarfe da sauƙi kamar yana sakin tsuntsu irin yadda yake yi ba. Duk duniya ni kaɗai na gani, ni da wayata, kuma bidiyo ɗaya tak da na ɗauka shi ne wanda ba zan iya nuna wa kowa ba.

Bara na koma acaɓa. Wata rana na kai fasinja wajen Ɗandamisa, na ce bari in tsaya in gaida tsohon. Ya tsufa sosai, idonsa ya rage, amma ya gane ni. Ya ce, "Mai 'yan jifa." Ya sa aka nuna min wata farar saniya mai baƙin kunne da ɗanta a gefe. Ya ce, "Ga ajiyar abokinka. Ban taɓa ƙirga ta cikin nawa ba. Ka gaya masa ni fa na kusa tashi, ya zo ya kwashe kayansa."

Na karɓi lambar abokina a wurin Baffa. Ba ya karatun boko, sai na tura masa murya na faɗa masa saƙon kawunsa. Bayan kwana biyu ya amsa. Muryarsa ta yi kauri. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya ce yanzu ya tara 'yan nasa kaɗan, alhamdu lillahi. Game da saniyar ya ce, tunda Kawu ya ce tasa ce, to ya karɓa. Akwai jikan Kawu da ya isa fara garke, a ba shi ita haɓɓanaye. Idan ta gama haihuwa a can, sai a mayar wa abokin nawa da ita gida yadda ake yi. A ƙarshe ya ce, "Kaɗo, har yanzu kana yawo?"

Haka aka yi, saniyar tana hannun jikan yanzu. Ni kuma ga amsar da na tura masa:

"Mai tsoron gari, na ji saƙonka, kuma na kai wa Kawu, ya yi ta sa maka albarka. Yawo kam ina yi, amma na rage. Inna tana gaishe ka, ƙarfen nan ma yana wurinta, da shi take danne tabarmar shanyar barkono. Na sake kallon mai gashin baki kwanan nan, na tsayar da shi a daidai wurin nan, na daɗe ina dubawa. Ina ga ba ihu yake yi ba. Numfashi kawai yake ja. An kusa kwashe dawa, karan bana ya yi kyau. In ka samu hanya ka koro naka su ci. Ba zan ce ka jefa komai ba."